Jiƙon Garikun

Dengfeng, Guangzhou
2 ga Nuwamba, 1998

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, ina gaida Inna da Yaya Shitu da yara. Yaya ƙafar Inna, ta saki kuwa? Ni lafiyata ƙalau, garin ne dai har yanzu ban saba da shi ba. Alhaji Tankari zai taso Kano jibi, shi zai kawo miki wannan, shi ya sa rubutun duk ya karkace.

Littattafan da kika cusa min a jaka na gama su tuntuni, na maimaita har bangon ɗaya ya fita. Don Allah ki roƙi mai hayar littattafai na bakin layinmu ya sayar miki da sababbi. Ba ni da abokan hira sai su. Muna can saman bene, tagarmu ɗaya, in na leƙa ba abin da nake gani sai wankin mutane rataye a jikin gora. Maigidan yana fita wajen masu kaya da safe, ni kuwa ko ƙofa ba na takawa sai tare da shi.

Amma Yaya, ba littafi ne ya sa na ɗauki biro ba. Maigidan ba shi da lafiya. Tari ne ya kama shi ya ƙi saki, in ya yi barci gumi yake yi sai na canza zanin gado. Ya rame har agogonsa yana zamewa. Na ce mu je asibiti, ya ce in rufe bakina. Ranar da ya kamata mu fita Hong Kong a sabunta mana biza zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar ta wuce. 'Yan kasuwa kuma suna cewa duk baƙon da ya je asibiti da tari fasfo ake fara tambayarsa, daga nan sai 'yan sanda, sai jirgi. Ga kayan mutanen kasuwar Kwari da suka ba shi amana ba su gama haɗuwa ba. Ban san ko maganar gaskiya ce ba, shi dai ya yarda da ita.

Akwai wani Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, ya daɗe a nan, yana jin yarensu. Shi ya kai mu kasuwar magunguna a Liwan. Yaya, na ga busassun macizai a ɗaure kamar itacen girki, na ga kunamu da rai cike da baho, na riƙe rigar maigidan ban saki ba. Can ciki muka sami wani dattijo Musulmi daga yammacin ƙasar, da 'yar hularsa, ya yi mana sallama kamar a gida. Ya saurari tarin maigidan, sannan ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur a naɗe cikin jarida.

Fari ne kamar alli, siffarsa ta kofaton doki, girmansa ya kai ƙaramar ƙwarya, kuma hawa-hawa ne. Alhaji Isufu ya fassara mana cewa dangin laimar kwaɗi ne, amma shi ba ya fitowa a ƙasa. A can duwatsun da ƙanƙara ke rufewa akwai dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, sai ɗayansu ya mutu wannan abu yake girma a jikinsa yana cin itacen, kowace shekara ya ƙara hawa ɗaya. Mutum zai iya yawo a dajin har ya gaji bai ga ko guda ba. Su suna ce masa alihong, dattijon ya ce a littattafan Larabawa garikun ne.

Ni kuwa sai na shagala da kallonsa. Itace ya mutu shi kaɗai a kan dutse ba wanda ya sani, wannan abu yana ta girma shekara da shekaru tun kafin a haife ni, ashe maigidana yake jira. Kin san ni, har hawaye na yi.

Dattijon ya kankaro ɗan kaɗan da wuƙa, abin da zai zauna a kan farce, ya nuna min, ya sake nuna min, ya ɗaga yatsa ɗaya. Wai sau ɗaya a rana ke nan. Haka nake ba shi a ruwan ɗumi, ɗacinsa ya fi na maɗaci. Amma ban ga canji ba, Yaya. In ya fara tarin nan na kan rufe kunnena da filo, sai kuma in ji tsoron kada ya kira ni ban ji ba. Ki tambayar min Inna abin da zan yi.

Ƙanwarki,
Najiba

*

Gwammaja, Kano
21 ga Nuwamba, 1998

Najiba 'yar auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Inna, na tsallake wajen kunamun don kada ta kasa cin tuwo. Duk muna lafiya, ƙafar ta yi sauƙi. Yaran suna tambaya ko kin koyi cin shinkafa da tsinke.

Allah ya ba Abdulbaƙi lafiya. Ke kuma ki daina yi wa itace kuka, ba a littafi kike ba.

Shitu ya kai sunan maganin wajen Malam na masallacin layinmu, Malam ya ce tabbas garikun yana cikin littattafan ɗibbu, babban maganin ƙirji ne, shi kansa bai taɓa ganinsa da ido ba. Kin ga ke nan Allah ne ya kai ku. Inda kika yi sake shi ne wajen bayarwa. Inna da ta ji maganar kan farce dariya ta yi har ta ƙware. Ta ce wannan awon mutanen can ne masu ƙananan cikkuna. Namijin da aka raina da jiƙon sabara da maɗaci, ɗan kan farce me zai yi masa?

Ga abin da ta ce. Ki fasa shi ki ɗauki ɓari mai kauri, ki daddaka, ki zuba a tulu ko kwalba babba, ki cika da ruwa, ki jefa 'yar jar kanwa in kina da ita, ya kwana. Ya sha kofi cike da safe kafin ya ci komai, ya sha da yamma. Sai ki riƙe wannan da kyau, don na san halinki na tsoro: zai yi amai, cikinsa zai ɓare. Kada ki firgita, kada ki daina. Cutar ce take fita. Maganin da bai wanke ciki ba ai bai taɓa cuta ba. Kin tuna lokacin da shawara ta kama Shitu, kwana nawa ya yi yana zirga-zirgar banɗaki? Ga shi nan yau ƙato, sai cin abinci.

Maganar asibiti kuwa, ki bi mijinki. Shi ya san ƙasar, ke ba ki sani ba. In aka koro ku da kayan mutane a hannunsa, da wane ido zai shiga Kwari?

Ga littattafai na ba Alhaji Tankari, da kuka da daddawa da jar kanwar ma, don na san ba ki da ita. Mai haya ya ce ke ce kika talauta shi da kika tafi.

Yayarki,
Barira

*

Dengfeng
9 ga Disamba, 1998

Yaya Barira,

Sallama da gaisuwa gare ki da Inna da kowa. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Da na kwance ƙullin daddawa sai da na zauna a ƙasa, ɗakin nan gaba ɗaya ya koma gidanmu.

Wani mai tafiya gobe na samu, don haka a gurguje. Na yi yadda Inna ta ce. Sai da na sa taɓaryar ƙarfe kafin ya fashe, cikinsa fari tas, garinsa yana tashi yana shiga maƙogwaro. Ruwan jiƙon ya zama kamar ruwan kamu. Maigidan ya ɗaga kofi ya shanye, ya ce, «Yauwa, yanzu na ji magani. A gaida Inna.»

Komai ya zo yadda kika faɗa. Aman ya zo, cikin ya ɓare, tun ranar bai fita kasuwa ba, Alhaji Isufu ne yake duba masa kaya. Tarin ya ragu, Yaya. Yanzu sai in daɗe ban ji shi ba, in ma ya yi, a hankali yake fita, ba irin na da mai girgiza gado ba.

Sai dai idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Jiya da zai tashi alwala sai da ya dafa kafaɗata, hannun ba nauyi ko kaɗan. Na ce ko mu ɗan rage, ya ce, «Ba ki ji abin da yayarki ta rubuto ba? Cutar ce take fita.»

Na buɗe ɗaya daga cikin sababbin littattafan, na kai inda saurayin ya kwanta ciwo, na rufe na tura shi ƙarƙashin katifa. Sanyin garin nan mai laima ne, yana shiga ƙashi, bango har gumi yake yi. Ga azumi ya matso, ya ce ba zai sha azumi ko ɗaya ba.

Har yaushe ake ci gaba, Yaya? Ta yaya ake gane cutar ta gama fita? Ki amsa min wannan kafin komai.

Najiba

*

Gwammaja
27 ga Disamba, 1998

Najiba,

Wa alaikumus salam, barkanmu da shan ruwa. Alhamdu lillahi! Da na kai inda kika ce tarin ya ragu ban ƙarasa ba na fita tsakar gida na yi guɗa, Inna ta yi sujada. Mun yi sadakar ƙosai ranar Juma'a. Har gidan su Abdulbaƙi na je na gaya wa mahaifiyarsa, baiwar Allah ta rungume ni tana ta sa miki albarka.

Faɗawar ido kuwa ai dole ce, wa ya taɓa yin jinya ya yi ƙiba? Ki dama masa kunu mai kauri da buɗa-baki.

Kin tambayi har yaushe. Inna ta ce har sai tarin ya ɗauke ɗif. Ta ce yanzu ne ma ake ƙara ƙarfi, domin cuta in ta ji magani takan lafe, in aka sassauta ta dawo ta fi da. Ki ƙara ɓari a kan na ciki, ya sha da buɗa-baki, ya sha da sahur.

Wannan layin na mijinki ne, ki miƙa masa. Abdulbaƙi, sannu da jiki. Na san ƙanwata, tausayi ya yi mata yawa, tana iya tsarma maka ruwa a ɓoye. Ka sa ido a kan tulun da kanka.

In kun koma wajen dattijon ku sayo wa Inna ko ƙarami ne, maƙwabta ma sun fara tambaya.

Barira

*

Dengfeng
12 ga Janairu, 1999

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gaida kowa. Kada ki karanta wa Inna wannan.

Kin san ni da gaske. Ina tsarma masa ruwan, tun shigowar azumi nake yi, har ya fara riƙe kunu a cikinsa. Sai wasiƙarki ta zo, shi ya karɓe ta a ƙofa, ya karanta kafin ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko tulun in ajiye a gefen gadonsa, in daka sauran a gabansa. Na daka, Yaya, ina kuka ina dakawa.

Tarin bai ragu ba. Ƙarfin yin sa ne ba shi da shi. Abin da ya kamata in gaya miki ke nan a waccan wasiƙar, ban san shi ba ni ma sai daga baya. Yanzu in tarin ya taso sai dai ƙirjin ya yi ta motsi ba sauti, in na share masa baki in ga jini a tsumman. Ruwa ma ba ya zama. Tun shekaranjiya bai yi fitsari ba. Na ja fatar hannunsa ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Kuma yana azumi. Na ce Allah ya yafe wa marar lafiya, ya ce saura kaɗan a gama.

Da garikun ɗin ya ƙare ya aiki Alhaji Isufu ya sayo wani. Alhaji ya dawo hannu wofi, ya tsaya daga bakin ƙofa yana ba da labari. Wai dattijon ya tambaye shi ina wancan, da ya ji an shanye sai ya miƙe tsaye ya riƙe kansa. Ya ce abin da ya ba mu ya ishi gida guda shekara da shekaru, da yawansa guba ne. Ga wani a ƙarƙashin tebur Alhaji yana ganinsa, amma dattijon sai cewa yake, «Meyo, meyo,» wato babu. Ya biyo Alhaji har titi yana cewa a kai mutumin nan asibiti yau.

Kin san abin da maigidan ya yi? Ya sa na jingina shi da filo, na sa masa hula, sannan ya ce Alhaji ya shigo. Ya tattara duk ƙarfinsa ya yi dariya, ya ce, «Lauban, tsohon nan so yake ya ƙara kuɗi. Dube ni, na warke. Kai dai ka sa a loda kwantena.» Lauban shi ne maigida a yarensu, haka suke tsokanar juna. Ɗakin ba haske sosai. Alhaji ya ce, «Wallahi ɗan'uwa ban yarda da kai ba, gobe zan dawo.» Amma washegari masu kaya suka kira shi wani gari, an ce sai yau zai dawo. Yana fita maigidan ya zame, na ɗauka ya tafi ke nan.

Ɗazu na durƙusa na riƙe ƙafarsa na ce ya bar ni in je in kira mutane. Na san gidan abincin da 'yan kasuwa suke taruwa shan ruwa a Xiaobei, ya taɓa kai ni, ina jin zan gane hanya. Ya buɗe ido ya ce, «Najiba, amanar mutane ce a wuyana. In kika taka ƙofar nan, a bakin aurenki.» A hankali ya faɗa, amma na ji kowace kalma.

Yanzu la'asar ta wuce. Yana kwance bakinsa a buɗe, ina zaune ina kallon bargon ko yana ɗagawa. A littattafan da nake karantawa a irin wannan wuri wani yake turo ƙofa. Na saurara, Yaya, ba kowa a matakala sai wata tsohuwa da take hawa da kabejinta.

Ba amsa nake nema ba, kafin ta zo komai ya wuce. Na sa hijabina. Zan tafi da wannan takarda, in na sami mai zuwa gida in ba shi. Ki yi mana addu'a.

Najiba

*

Gwammaja
2 ga Fabrairu, 1999

Najiba, Najiba,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wani yaron kanti ne ya jefo min wasiƙarki bayan Sallah, ya ce a jakar wani Alhaji aka same ta, bai san komai ba. Tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ban ma gaishe ki ba. Kina lafiya? Yana da rai?

Ki zubar da tulun nan. Ki zubar, ki fasa shi. Na san maganar banza nake yi, mako nawa ke nan, amma hannuna ya ƙi rubuta wani abu sai wannan. Na ɗauko wasiƙarki ta watan Disamba na sake karantawa. Ga idon da ya faɗa, ga hannun da ba nauyi, duk kin rubuta, ni kuwa layi ɗaya na gani na fita ina guɗa.

Shitu ya je Kwari ya yi ta tambaya. Wani ya ce an ga motar asibiti a unguwarku, wani ya ce an kama wani Bakano, wani ya ce a'a, rasuwa aka yi amma ɗan Nijar ne. Alhaji Tankari bai koma ba tun azumi. Lambar wayar da Abdulbaƙi ya bari ta ofishin masu jigila ce, Shitu ya je wajen buga waya ya yi ta gwadawa, in ta shiga sai wata mace ta yi ta yare ta ajiye. An ce wai sabuwar shekarar mutanen ƙasar ce za ta kama, duk sun rufe sun tafi garuruwansu.

Inna ba ta sani ba. Kullum sai ta ce, «Yaran nan sun ji daɗi sun manta da mu.» Mahaifiyar Abdulbaƙi ta aiko da tuwo da zane wai tukuicin magani. Na karɓa na shige ɗaki.

Kin fita? In kin fita, kada maganar auren ta dame ki, Shitu ya tambayi Malam ba tare da ya ambaci suna ba, ya ce saki ɗaya ne, yana da damar mayarwa kafin idda ta cika. In kuma ya ƙi, ɗakinki yana nan. In ba ki fita ba, Najiba, ban san me zan ce ba.

Ko layi ɗaya ne ki aiko. Ko kalma ɗaya.

Yayarki

*

Guangzhou
20 ga Fabrairu, 1999

Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Yana da rai. Ki fara gaya wa kanki wannan, ki sha ruwa, sannan ki ci gaba. Ina gaida Inna da Yaya Shitu da yara, barkanku da Sallah ko da ta wuce. Wasiƙarki jiya ta same ni. Ban rubuto ba ne don ba mai tafiya, garin ya watse, kantuna a rufe, sai ƙarar abin fashewa da suke kunnawa na bikinsu.

Na fita. Ƙafata tana taka matakalar farko na ce a raina shi ke nan, na zama bazawara a ƙasar da ban iya ko tambayar ruwa ba. Na ɓata hanya. Kekuna suna ta kaucewa, mutane suna tsayawa kallona, ina tafe ina cewa «Xiaobei, Xiaobei» kamar mahaukaciya. Wata mai sayar da lemo ce ta bar tirenta ta kama hannuna ta kai ni har bakin layin. Na shiga gidan abincin ana shirin buɗa-baki, maza cike, ni kaɗai mace. Alhaji Isufu yana nan da jakarsa, saukarsa ke nan. Ban gaishe shi ba, na ce, «Alhaji, zai mutu.» Ya ajiye dabinon da ke hannunsa.

Su huɗu suka sauko da shi a cikin bargo. A matakala ya farfaɗo ya gan ni, ya juyar da kai.

Likita ta ce da an ƙara kwana da ƙodarsa ta tsaya. Sun yi ta ƙara masa ruwa, leda bayan leda. Hoton ƙirji ya nuna tarin tibi ne, yana da magani, ƙwayoyi ne na wata da watanni. Ni ma an gwada ni, an ce a sake gwadawa nan gaba. Na tambaya ta bakin Alhaji ko garikun ƙarya ne. Ta ce a'a, su ma sun san shi, yana sassauta tari da gumi in an sha ɗan kaɗan, amma ba ya kashe wannan cuta.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru. An tambayi fasfo, 'yan sanda sun zo. Ba su yi mana wulaƙanci ba, amma sun ci mu tara, kuma da zarar likita ta sallame shi za mu bar ƙasar, ba zai dawo ba sai bayan shekaru. Kwantenar ba ta tashi kafin bikinsu ba. Alhaji Isufu ya ce zai tsaya a kanta, amma wasu masu kayan za su yi asarar kasuwar Babbar Sallah, kuma za su faɗi abin da za su faɗa a Kwari. Ki shirya kunnenki.

Kada ki ɗora wa kanki, Yaya. Ke kin rubuta, ni na daka, shi ya sha. Ki gaya wa Inna a hankali, ki bar wajen jiƙon.

Saura maganar da kike jira. Fiye da wata guda bai ce min uffan ba. Kullum in dama kunu a gida in kawo a fulas, a ba ni ƙyallen rufe hanci, in zauna a kujerar gefen gado. In na miƙa ya karɓa ya sha, ya juya wa bango fuska. Masu jinya suna ce min matarsa, ni kuwa ban san ko mece ce ni ba. Na fara lissafin idda a raina, ina wanke masa kaya ina lissafi.

Shekaranjiya aka fitar da mutumin gadon da ke kusa da nasa a lulluɓe. Tsoho ne, shi ma tari, sun saba har suna yi wa juna alama da hannu. Matarsa ta zo tana naɗe tabarmarsa da kofinsa, ba ta kuka, tana ta naɗewa tana warwarewa. Maigidan ya yi ta kallonta har ta fita.

Da yamma Alhaji Isufu ya zo dubiya da wani ɗan'uwansa. Suna zama maigidan ya ce, «Lauban, ku biyu ku shaida. Na mayar da matata.»

Alhaji ya ce, «Mun shaida. Da ka ƙara mako guda da ni da kaina zan nemo mata miji a Maraɗi, mai hankali.»

Maigidan ya yi dariya har tarin ya taso, tari mai ƙarfi, Yaya, mai girgiza gado, ban taɓa jin daɗin ƙara irin wannan ba. Da ya lafa ya dube ni, karo na farko, ya ce, «Ke kuma da kika fita, ko takalmi ba ki sa ba. Isufu ya gaya min.»

Wallahi ban sani ba sai da ya faɗa.

Ki sa a share mana ɗaki, a buɗe tagogi, likita ta ce yana son iska. Yara kada su shigo wajensa tukuna. Muna tafe farkon wata in Allah ya yarda.

Ƙanwarki,
Najiba